Mai Raba Ranaku

Ƙarfe ɗaya na dare a Jekadafari,
an ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Ni da fitilar waya da biro mai tsiyaya
da bayan kalandar bara a kan tabarma,
ina raba wa ƙungiya goma sha biyu ranaku,
rabon gadon da babu magajin da zai gode.

Gidado ɗan ƙanwata ya leƙo:
"Kawu, a Amurka, masu ƙwallon nan mai siffar gwanda,
masu kifa kwano a ka su yi ta karo kamar raguna,
na'urori ke ɗaukar musu wannan wahalar.
Su jera dubbai, a zubar, su sake jerawa,
mutane su zauna su tsinci guda.
Ranar fitarwa a yi ta shela a talabijin
sai ka ce an ga wata."

Na ce to, madalla. Tambayar mini na'urar:
ta san filin firamaren Bolari tafki yake komawa
in ruwan Agusta ya kwana biyu yana zuba?
Ta san kanikawan Tashar Dukku
ba sa ajiye sifana ran Asabar?
Rabin 'yan Tumfure na coci safiyar Lahadi,
Juma'a kuwa sai an sauko, an ci, an miƙe ƙafa.
Ta san Herwagana da Kumbiya-kumbiya
riguna ɗaya suke karɓa-karɓa,
in na sa su rana guda
wasu za su fito da singileti?

Alƙalin wasa ɗaya gare mu, Ishaya,
shi ma nas ne;
in ya kwana aiki a asibiti
a tsaye yake gyangyaɗi da usur a baki.
Lamara, golan Pantami, zai angwance bayan Sallah,
an aiko mini goro, na kuma ji yaren goron.
Sai wake. In ya nuna,
'yan baya kaf suna gona.

Na sa, na soke. Na sa, na soke.
Takarda ta huje daidai mako na bakwai.
In na toshe nan, can ta ɓalle,
buhun gero mai huda biyu.
Dudu ta yi juyi daga ɗaki:
"Wai nawa suke biyanka?"
Na yi tari.
Ta ce, "Na ji."

Da asalatu ya zauna.
Ban ce ya yi kyau ba, na ce ya zauna.
Kowa ya sha rana, kowa ya taɓa inuwa,
babu mai fita waje sau uku a jere
sai Dawaki. Su kam Allah ya ba su haƙuri.

Tawa shelar babu talabijin.
Koko na shafa a bangon Bappa Manu mai shayi,
na manna, na ja gefe da kofina.
Kafin a fasa ƙwai na biyu sun taru.
"Wa ya haɗa mu da zakarun bara a wasan farko?"
"An sayar da mu!"
"Ɗansa yana Arawa, ku duba, duk nasu da sanyin la'asar!"
Ɗan nawa da ko benci bai samu ba bara.
Na kurɓi shayi.

Wani yaro ya sa yatsa yana bin layi,
leɓensa na motsi,
ya tsaya a sha huɗu ga wata, ya zura da gudu.
An ce takalminsa ya je wankewa.
Saura fa mako biyar.

Da azahar akuyar Bappa ta ji ƙanshin koko,
ta miƙe a kan ƙafa biyu,
ta cinye zagaye na biyu har wasan ƙarshe.
Gidado ya riƙe ciki:
"Kawu, su can na'urarsu ba ta da akuya!"

Na cire hula,
na zaro kwafin da na ninke a ciki,
na ce, je ka gida,
ka ce Dudu ta ba ka sauran kokon.
Ka taho da kujera, wannan karon sama za mu manna.